An rufe mana rijiya

Yau da safe na shiga gidan marigayi Malam Buba da bokitina, sai na tarar an rufe rijiyar da siminti.

Tun kafin a haifi Babana, a nan mutanen layinmu na Ƙofar Dumi suke ɗiban ruwa. Magada sun sayar da gidan, sabon mai shi kuma wurin ajiye mota yake so.

Iya Hauwa, tsohuwar maƙwabciyarmu, ta ce, "Haba Alhaji, ko shawara ba ka yi da maƙwabta ba?"

Ya ce, "Iya, gida na saya, ban sayi unguwa ba."

Ni ba mai magana ba ce, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Iya ta juya da bokitinta, babu ko ɗigo.

Don Allah ku gaya min, sayen gida yana shafe haƙƙin maƙwabci?