Akwatin da Ba a Yi wa Addu'a Ba

Shekaru da dama baya, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki, na samu aikin gwaji na wata uku a wani ƙaramin ofis na coci a Kafanchan, inda ake shirya littattafan koyon karatu a yarukanmu na gida. Na gama karatun kwamfuta ke nan, kaina ya kumbura, ina tafiya da sukudireba a jaka ko'ina har gidan biki. An ce idan na yi abin kirki a wata ukun, aikin ya zama nawa.

Wasu Turawa ne suka ba ofishin kyautar sababbin kwamfutoci biyu. Ɗaya tana ɗakin abokiyar aikina mai saka hotuna a littafi, ɗaya tana ɗakin da ake bugawa. Aikina na farko shi ne in haɗa su da waya ta cikin wani tsohon akwatin rarraba layi da ofishin yake da shi, don a daina yawo da faifai daga ɗaki zuwa ɗaki. Na ja waya, na ɗaura kawunanta, fitilu suka kama. Na aika gajeriyar wasiƙa, ta isa nan take. Har na fara taƙama.

Da abokiyar aikina ta aika shafi mai hoto, abu ya tsaya cak. Ya ɗan motsa, ya sake tsayawa. Ta tafi ta sayo ƙosai ta dawo, bai kai rabi ba.

Shugaban ofishin dattijo ne a coci, kowa Baba yake ce masa. Ya leƙo, ya dubi wayar da na bi bango da ita, ya ce, "Yarinya na, wannan injin daga Turai ya zo, ba ya da laifi. Wayan ki ne. Hannun mace ba ya matsa waya da kyau."

Na haɗiye. Sau uku ina yanke kawunan wayar ina sake ɗaurawa, har yatsuna suka yi kanta. Na hau silin neman ɓarnar ɓera, na sauko da yanar gizo a kai. Kada in ɓoye muku, har hura wa wayar iska na yi da baki, ni mai takardar shaida. Sati biyu ana haka, kuma duk wanda ya shigo ofis sai Baba ya nuna ni da haɓa.

Wata rana da rana ina fifita da ɗan littafin da ya zo cikin kwalin kwamfutocin, sai na ce bari dai in karanta abin da nake fifita da shi. A nan na ga maganar jambo firem. Bayanai ƙunshi-ƙunshi suke bi ta waya, kuma kowane ƙunshi yana da iyakar girma. Baturen da ya saita injinan ya ɗaga iyakar daga dubu ɗaya da ɗari biyar zuwa dubu tara. Tsohon akwatinmu bai san wannan girman ba, duk babban ƙunshi da ya zo masa jefar da shi yake yi. Kamar a ce za a shigar da buhun citta ta tagar kicin ne. Wasiƙa ƙarama tana wucewa, hoto yana maƙalewa.

Na ruga wurin Baba. Na ce, "Baba, na gano. Ko dai mu rage lambar nan, ko mu samo akwati irin nasu."

"Akwati yana nan," in ji shi. Ya buɗe kabad, ga shi kuwa sabo fil cikin ledarsa. Turawan sun aiko shi daga baya, bayan an riga an yi wa kwamfutocin addu'ar keɓewa.

"To mu jona shi mana, Baba."

"Ba a keɓe shi ba tukuna. Sai bayan girbi, in baƙi sun zo."

"To in rage lambar."

Ya kai ni gaban injin, ya ɗora yatsa a kan takardar da Baturen ya liƙa, wadda ta ce kada a canza komai. "Kin fi wanda ya ƙera shi sani ne?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Maganin yana cikin kabad, wani maganin yana ƙarƙashin yatsana, an hana duka biyun, kuma sunana ne ake ja a ƙasa. Washegari da ya fita cin abinci, na shiga na rage lambar a injinan biyu. Abokiyar aikina ta aika littafi guda da hotunansa, kafin ta gyara ɗankwalinta ya isa.

Baba ya dawo ya gani, ya yi murna, har ya ce Ubangiji ya ji kukanmu. Sannan ya tambaye ni me na yi. Ni kuma da bakina mai kaifi na zayyana masa komai, har da lambobin.

Kwamiti ya zauna a kaina ranar Alhamis. Babu wanda ya tambaya ko abin yana aiki. Wani dattijo ya ce yau lamba na taɓa, gobe ba a san me zan taɓa ba. Aka yanke cewa in mayar da saitin yadda Bature ya bar shi, a gabansu, kuma ba za a tabbatar da ni a aikin ba. Na zauna, dattawa biyar a tsaye a bayana, na rubuta dubu tara da hannuna. Suka sa aka aika hoto don su tabbatar. Da ya maƙale, hankalinsu ya kwanta.

Da na koma gida na ba mahaifiyata labari ina huci. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta ce, "Da ya ce Ubangiji ne ya yi, ke me ya hana ki cewa amin?"

Bayan girbi abokiyar aikina ta zo har gida ta ba ni rahoton bikin keɓewa. An yi waƙoƙi, an ɗora hannu a kan akwatin, an cire leda, an jona. Hotuna suka riƙa wucewa kamar ba su taɓa sanin jira ba. A jawabinsa Baba ya gaya wa baƙi cewa an ɗan sha wahala da farko, amma yarinyar da ta kawo matsalar ta tafi, kuma ga shi yanzu komai lafiya.

Na yi aiki a wurare da yawa tun daga lokacin. Na koyi cewa kafin in taɓa inji, in fara gano wane ne zai ji kunya idan ya gyaru. Baba ya rasu da jimawa, na je jana'izarsa, na yi waƙa tare da kowa, kuma na san ba mugu ba ne. Amma har yau idan na tuna jawabin nan sai raina ya ɓaci. Mutanen da suka taru a wurin sun ga na tafi, sun ga abu ya gyaru, kuma ba a gayyace ni ba balle in ɗaga hannu in faɗi gaskiyar abin da ya faru.