Motar da Aka Yi wa Daɓe

Ranar da motar ta shigo ƙauyenmu, ba ita ta kawo ni ba, tarakta ce ta jawo mu ni da ita tun daga Hasahisa har yamma da Managil. Ina zaune a ciki riƙe da sitiyari, ina ɗaga wa mutane hannu kamar mufattish, mai duba gonakin auduga. Dama ta wani mufattish ce tun kafin Turawa su tafi. Daga hannunsa ta koma wajen wani ɗan kasuwa, daga ɗan kasuwa ta koma wajen kajinsa. Ni daga hannun kajin na karɓe ta, na ba da bijimin da nake kiwo, kuma har na iso gida ina ganin na cuci mutumin.

Baƙa ce, mai dogon hanci da manyan fitilu. Injinta bai ba ni tsoro ba, don na yi shekaru ina aikin tarakta, kuma ban daɗe ina lallaɓa shi ba ya tashi. Ƙasanta ne abin kunya. Tsatsa ta cinye shi, idan ka zauna a baya sai ka rasa inda za ka ajiye ƙafa.

Inna, mahaifiyata, ta fito ta leƙa ta taga, ta ga ƙasar tsakar gidanta ta cikin motar. Ta ce, "Ɗan nan, ka ba da abin da ke tahiya da ƙafarsa ka amso wanda ake ja." Na ce mata ba ta san darajar arabiyya ba, kamar yadda Larabawan nan ke kiran mota. Ta ce gaskiya ne, ta koma ga dakanta.

Da na so, da na yi shekara ina gyaran nan a hankali, ina shan shayi ina ba mutane labari. Sai wani mutum da ya zo cirar auduga daga wajen Suki ya kawo saƙo. Yayar Inna, wadda muke ce wa Inna Babba, ta makance, kuma hankalinta ya fara tafiya yana dawowa. Wata rana ta san 'ya'yanta, wata rana ta gaishe su kamar baƙi.

Su biyu kaɗai suka rage daga ɗakinsu. Suna 'yan mata iyayensu suka taso da su daga ƙasar Sakkwato za su Makka a ƙafa, tafiyar ta tsaya a bakin kogi, aure ya raba su, ɗaya gabas ɗaya yamma. Rabonsu da juna tun ina goye. Ba faɗa suka yi ba. Inna na da ciwon kunne wanda ƙara ke tayarwa. Sau ɗaya aka ɗora ta a lori, aka sauko da ita a sume, ta yi kwanaki duniya na juya mata. Tun daga nan ta rantse ita da lori sai a lahira, jirgin ƙasa kuwa ko kukansa ba ta son ji.

Da mutumin ya tafi, Inna ta zauna a bakin ƙofa. Can ta ce, "In ta mutu, na san ta mutu. Abin da nika tsoro in tai in iske ta da rai, ta tambaye ni ɗiyar wa ce ni." Ban taɓa jin muryarta haka ba, kuma tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Sai na yi abin da na fi iyawa, na cika baki. Na ce zan kai ta a motata kafin ruwan damina ya mayar da baƙar ƙasarmu laka, kuma ko sauro ba za ta ji ba a hanya.

Na cire kujeru na hau kankarar tsatsa. Duk inda na kankare sai ƙarfen ya bi tsatsar ya tafi, har na gane ashe ita ke riƙe da motar. Na sami barmil, irin gangar man nan ta tarakta, maƙerin ƙauyenmu ya tsaga shi ya miƙar, muka yanke ruɓaɓɓen wurin, muka ɗora faci muka ɗinke da ƙusa. Na kwanta a ƙarƙashi na shafe ko'ina da kwalta da baƙin mai, rabi a jikin mota rabi a gemuna. Da na gama na kira mutane su gani. Wallahi ya yi kyau.

Sai na tayar da ita na hau gefen tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Abin da ban yi tunani ba shi ne, barmil ko ka miƙar da shi bai manta shi ganga ne ba. Kowane rami na faɗa sai ƙasan motar ya amsa, dum, dum, har cikin haƙorana. Karnuka suka biyo ni. Mata suka fito ƙofar gida suna tambayar gidan wa ake biki. Da na dawo na tarar da Inna a ɗaki ta ɗaure kanta da ɗankwali biyu, alhali ko kusa da motar ba ta zo ba.

Na shimfiɗa buhuna, suka tattare wuri guda, ƙarar na nan. Na kawo tabarma da fatar akuya, sai wari ya ƙaru a kan ƙara. Na tsinto ragowar auduga daga hawasharmu, wato gonar da aka ba mu, na cusa a buhu na danne. Wannan ta ɗan yi aiki, sai dai audugar na da guryarta, ɓerayen unguwa duk suka tare a motata. Wadda ɓera ya bari kuma zafin salansa ya taɓa, ina cikin tafiya na ga hayaƙi na tasowa tsakanin ƙafafuna. Na kashe wutar da ruwan tur'a, na zauna a bakin hanya ina zagin Baturen da ya ƙera ta da wanda ya sayar mini. Ga shi iska ta fara juyowa daga kudu, kowa na cewa ruwa ya kusa.

Washegari Inna ta zo da kanta. Ta sunkuya ta ƙwanƙwasa facin da bayan yatsa, ta saurara. Ta ce, "Yo ɗakin da ba a yi wa daɓe ba ai dole shi yi ƙara."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna, wannan fa ƙarfen Ingila ne, ba ɗakin amarya ba."

Ta ce, "Ƙarfen barmil dai. Ina nan kuka tsaga shi."

Duk ƙauyen nan ba mai daɓe kamar Inna. In an gina sabon ɗaki ita ake kira, ta tara mata, a zuba jar ƙasa mai tsakuwa, a yi ta buga da madaɓi ana yayyafa ruwa har wurin ya yi santsi ya yi tauri. Na kwana ina jin haushin maganarta. Da gari ya waye na fita ina gaya wa mutane cewa na yi wani tunani, za a yi wa motata daɓe. Har na ƙara da nawa ilimin, na ce a yi shi da kauri sosai, gaba da baya, har cikin but inda ba wanda zai zauna.

Ƙasarmu baƙa ce mai tsagewa, ba ta daɓuwa, sai da na ɗauko ja daga tudun Managil a kan jakuna. Babu ɗorawa a ƙasar nan balle makuba, don haka Inna ta jiƙa bagaruwa, wadda Larabawa ke ce wa garad. Ta fara wanke ƙarfen da ruwanta, inda tsatsa ta rage ya koma baƙi ƙirin. Sannan mata suka buɗe ƙofofin duka, suka durƙusa ta kowane gefe, madaɓai suka fara sauka tare da waƙa. An dama fura, an dafa shayi. Wani Balarabe maƙwabcinmu ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini, da irin kiran da suke yi wa mutum, "Ya zol, wa za ta aura?" Na ce masa sabuwar dabara ce da ba ta iso wajensu ba tukuna.

Abu biyu suka dame ni da aka gama. Inna bahaguwa ce, kuma daɓen ya ɗan zurma ta hagu. Na faɗa mata, ta ce in ban so in kira wata. Na biyu, kafin ya bushe ta tuɓe takalmi ta danna dunduniyarta a bakin ƙofar baya, ta bar ɗan gurbi. Na ce ta ɓata mini aiki. Ta ce haka uwarsu ke sa a yi a duk ɗakin da suka daɓe, kuma ba don ni za ta fasa ba.

Da ya bushe na mayar da kujeru na tayar. Shiru. Na faɗa rami da gangan, shiru. Na ji daɗi har na yi dariya ni kaɗai. Abin da na ƙi gani shi ne yadda motar ta durƙusa a kan tayoyinta kamar kaza a kan ƙwai.

Muka kama hanya da asuba, Inna a baya da ƙullin tsarabarta, ta toshe kunne da auduga. Kafin hantsi ta cire audugar. Kafin azahar tana ba ni labarin rijiyoyin da suka sha ruwa a hanyar gabas, labarin da ban taɓa ji ba. Gudu kam babu shi. A duk hawan gefen tur'a sai injin ya yi ta nishi, har wani mai jaki ya wuce mu ya yi mana sannu da hanya. Muka tsallaka kogi a Sinnar, muka kwana a gidan wasu 'yan uwa, muka wuce Suki. Ana hango rufin ƙauyen Inna Babba wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashinmu, bayan motar ya zauna a ƙasa. Sifirin da ke ɗauke da nauyinta ya karye. Shanun noma ne suka ja mu zuwa ƙofar gidan, ina riƙe da sitiyari, wannan karon ban ɗaga wa kowa hannu ba.

Inna Babba na kwance a kan angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa. Ta rame ƙwarai. Inna ta durƙusa ta kama hannunta ta ce, "Yaya, ni ce."

Tsohuwar ta ce, "Maraba da baƙuwa. Daga wane gari?"

Inna ta faɗi sunan uwarsu, ta faɗi na ubansu, ta faɗi garin da aka haife su. Tsohuwar ta yi ta gyaɗa kai cikin ladabi, ta ce a kawo wa baƙuwa ruwa. Washegari haka, wanshekare haka. Inna ta daina taɓa tuwo. Tana zaune a gefen gadon tana kore mata ƙuda, idan an yi mata magana sai ta ce ba komai. Abin da ta ji tsoro shi ta tarar, kuma ni na kawo ta ta gani.

Ni kuwa, da yake ban san yadda ake zama da baƙin ciki ba, sai na koma ga motata da aka tura ƙarƙashin bishiya. Na nuna wa limamin garin daɓen, na nuna wa maƙeri, na nuna wa masu zuwa dubiya. Da mutanen gari suka fara canza hanya idan sun hango ni, sai na duba na ga saura mutum ɗaya da bai ga aikina ba. Wata la'asar na je na ce, "Inna Babba, ko za ki zo ki ga motata?"

'Yarta ta harare ni ta ce, "Kai ko kunya ba ka ji? Da wane idon?"

Tsohuwar ta ce ta gaji da kwanciya, a kai ta. Muka riƙe ta ni da 'yar, Inna na biye da mu a baya. Na buɗe ƙofar baya ina bayanin barmil da kwalta. Ba ta saurare ni ba. Ta sa hannu ta shafa ƙasan motar, ta ji sanyinsa, sai ta zame takalmanta kamar mai shiga ɗakin mutane. Ta ɗora ƙafa. Dunduniyarta ta faɗa cikin gurbin nan.

Ta tsaya a haka. Sannan ta shiga ta zauna, ta ja tafin ƙafarta a hankali daga dama zuwa hagu, ta sake ja.

Ta ce, "Wa ya yi daɓen ga?"

Na buɗe baki zan ce dabarata ce. Allah ya taimake ni ban riga na faɗa ba.

Ta ce, "Ya zurma ta hagu. Aikin bahaguwar nan ne. Tun tana yarinya nika hwaɗa mata, ba ta ji." Ta juya fuskarta wajen ƙofa. "Auta, kina nan kika bar ni ina ta magana?"

Ban taɓa jin an kira Inna da wannan sunan ba. Na ga mace mai jikoki ta tuɓe takalmi da sauri, ta hau ta zauna kusa da yayarta, tana cewa, "Ina nan, Yaya, ina nan." Tsohuwar ta laluba fuskarta, ta ce ta tsufa, Inna ta ce ita ma haka. Hawaye suka zubo mini, na rufe musu ƙofar don kada su gani, na manta ɗaya ba ta gani ɗayar kuma ba ta ni take ba.

Motar ba ta sake barin gindin bishiyar nan ba. Inna ta ce sai bayan damina za ta koma, ni na hau lori ni kaɗai, babu bijimi babu mota. Amma a ranar na daɗe tsaye a waje ina kallonsu ta gilashi, bakinsu na motsi, wani lokaci su yi dariya, wani lokaci su share ido. Na matsa kusa, har na kara kunnena a jikin ƙofar. Ko kalma ɗaya ban ji ba.