Ranar da Na Kai Baba Bakin Binuwai

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na ɗauko Baba a babur daga gidanmu na Duvu zuwa tashar Mubi. Lokacin muna Jihar Gongola, ina koyarwa a wata firamare a cikin gari. Tun da na fara aiki na yi masa alkawarin kai shi ya ga kogin Binuwai, don ruwan da ya sani bai wuce rafin bayan gonarsa ba, wanda kan ƙafe da rani. Dogon hutu shida ya wuce ina cewa sai na gaba.

Alhamis: Mubi zuwa Jimeta

Mun sami mota Pijo ta wani direba, Buba, mutumin Girei. Ya ba Baba kujerar gaba, muka tashi shida da minti goma. Mun wuce Mararaba da Hong lafiya. A shingen Gombi wani soja ya leƙo ya ce, "Tsoho, sai ina?"

"Yarona zai kai ni ganin ruwa."

Sojan ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

Tara da rabi muka iso Song. Na roƙi Buba ya tsaya Baba ya ga duwatsun nan uku da ke jere, waɗanda kowane matafiyi ke ba da labarinsu. Ya ce, "Minti biyar, malam, fasinja na jira." Muka sauka na nuna wa Baba da hannu.

"Kai! Allah mai iko," in ji shi.

Na juyo in ga fuskarsa, sai na ga wata tsamiya yake fuskanta, duwatsun kuwa suna can hagunsa.

"Baba, nawa ka gani?"

"Uku. Ba kai ka ce uku ba?"

Ya laluba ya kama hannuna. "Tun bara idon ya yi hazo. Ni na hana uwarka gaya maka, kada ka fasa tafiyar."

Na san ya daina zuwa kasuwa, amma na ɗauka ciwon gwiwa ne, ban kuma tambaya ba.

Sha ɗaya muka hau gadar Jimeta da ke kan Binuwai. Buba ya ji abin da ya faru, sai ya rage gudu ba tare da an roƙe shi ba, ya sauke gilashi. Baba ya ce, "Na ji sanyinsa." Muka sauka gidan ƙanwarsa, Gwaggo Saratu. Ta kawo tuwon dawa da miyar kuka da busasshen kifi. Da ta ga yana neman bakin kwano da yatsa, ta ja ni waje ta ce, "Yohanna, kai da ka yi boko, ba ka duba idon ubanka ba?"

Juma'a: Asibiti

Ban shirya wannan zangon ba, Gwaggo ce ta sa. Mun bi layi daga bakwai har sha biyu. Likitan ya haska idon, ya daɗe, sannan ya ce ba yana ba ce balle a cire, hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye jijiyar. Ya ba da maganin ɗigawa don ɗan abin da ya rage. "Da kun zo shekara biyu baya," ya ce, bai ƙarasa ba.

A bakin ƙofa na ce wa Baba mu koma gida. Ya ce, "Ni ba asibiti na zo gani ba."

Asabar: Numan

Tafiyar kusan kilomita sittin ce daga Jimeta, a bas, awa ɗaya da kwata. A bakin ruwa wani dattijo ɗan ƙabilar Bacama ya ɗauke mu a kwalekwale zuwa inda kogin Gongola ke shiga Binuwai. Baba ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu.

"Faɗinsa ya kai daga gidanmu zuwa ina?"

"Zuwa coci, Baba, har ya wuce."

"Gaya mini abin da kake gani. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Na gaya masa: ruwa biyu, ɗaya ja-ja ɗaya mai duhu, suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya, masunta suna jefa birgi, ragarsu ta kamun kifi, farin yashi a tsallake, shanu kwance a kai. Daga nan mai jirgin ya ƙarasa masa sauran. Baba ya saki hannu ɗaya ya tsoma a ruwa har gwiwar hannu, ya bar shi ciki har muka dawo gaɓa. Dattijon ya ce maɓuɓɓugar Ruwan Zafi ta Lamurde ba nisa, in muna so. Baba ya ce wannan ya ishe shi.

Lahadi: Gida

Mun bar Jimeta tara na safe, muka shiga Duvu huɗu na yamma. Maƙwabta suka taru sannu da zuwa. Abokinsa Baba Ishaku ya ce, "To, ka gan shi?"

"Na taɓa shi," in ji Baba.

Godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, da Buba direba, da Gwaggo Saratu da ta faɗa mini gaskiya. Baba ma ya yi mini godiya a gaban jama'a. Na sunkuyar da kai don kunya.