Kuɓewar Inna a Kan Sola

Ni ne ɗan fari a ɗakin mahaifiyata, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana da magana da ni sai ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Gaya wa wancan." Inna nake ce mata. Tana zaune a gidanmu na gado, a wani ƙauye bayan Ƙarfi inda aka kafa turakun lantarki aka manta da waya, ni kuma ina koyarwa a Funtua.

Shekarar da aka ƙara mini girma na sa mata sola. Kwanon rufin ya tsufa, mai haɗawar ya ce ba zai ɗauki nauyi ba, sai ya kafa faifan sola guda biyu a tsakar gida kan ƙafafun ƙarfe, daidai ƙugun mutum, muka kewaye da raga saboda awaki. Duk bayanin da na yi wa Inna bai wuce wannan ba: "Abin nan rana yake so." Na hau babur ina hura hanci, sai ka ce ni na ƙirƙiro ranar.

Da kaka ta shigo, ƙanwata ta bugo waya ta ce wuta ba ta kai ko sallar isha'i. Sau biyu ina ɗauko mai haɗawar daga Malumfashi. Kowane zuwa sai na aika tukuna, mu tarar an share gida tas, faifan na ƙyalli. Ya auna ya ce komai lafiya. Na kira shi macuci mai sayar da jabun batir, bawan Allah ya haɗiye ya tafi.

Wata Asabar na faɗo babu sanarwa. Mata sun kai shida a tsakar gida suna ɓarzar masara. Na duba, ban ga faifai ba, sai yankakkiyar kuɓewa shimfiɗe a kai daga wannan baki zuwa wancan, an tokare ƙasan da kara don kada ta zube. Ashe Inna ta sami wurin shanya irin wanda ba ta taɓa samu ba: ga zafi, ga tsabta, akuya ba ta kaiwa. In an ce baƙi na tafe sai ta kwashe, yadda ake kintsa gida.

Ina da saurin fushi, ban ɓoye ba. Ko sallamar kirki ban gama ba na ɗaga murya.

"Haba Inna! Wannan wane irin ƙauyanci ne?"

Hannun kowa ya tsaya. Da ƙanena ne ya faɗi haka, da ta wanke shi tas a wurin. Ni kuwa ba ta iya mayar mini da magana, kuma na san da haka. Ta miƙe, ta kama bakin zanenta, ta shiga share kuɓewar ciki da tafin hannu. Wata tsohuwa aminiyarta ta dube ni ta ce, "Malam, ai miyar gidanka ce take shanya maka."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Shekara goma sha ina yi wa 'ya'yan mutane bayani har su gane, amma uwata ban zauna minti biyar na gaya mata haske abin yake sha, ba zafi ba. Na juya na fita, ko ruwa ban sha ba.

Wutar ta gyaru daga ranar. Mai haɗawar na same shi a shagonsa na ba shi haƙuri, wannan bai yi mini wuya ba. Inna ce na yi sati uku ina kewaye-kewaye kafin na iya zuwa. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce ta yafe mini. Ta kawar da kai kamar kullum ta ce babu komai.

Zan tashi ke nan na lura tantabaru sun ɓata faifan, kashin har ya bushe, ba wanda ya taɓa. Inna ta ga inda nake kallo. Ta juya wajen ƙanwata, a hankali, babu ko alamar gatse a muryarta.

"Tambayar mini wancan, an yarda in goge, ko in jira sai ya zo?"