Wadda Ta Riƙe Butar Ruwa

Shekarun Chaluai Rakkaeo hamsin da takwas, ba ta taɓa aure ba, kuma ita ce mai ɗaura wa baƙi zane a ƙofar babban mutum-mutumin Buddha da ke kan dutse a tsibirin Phuket. Duk macen da ta sauko daga mota da gajeren wando ko kafaɗa a waje, sai ta bi ta hannunta. Ba ta jin yarensu. Gwiwar macen take nunawa, ta miƙa zane, ta ɗaure.

A gindin dutsen take zaune da mahaifiyarta, Mae Prathum, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Chaluai ce ke dafa mata faten shinkafa, ta wanke ta, ta kai ta asibiti. Ta sha roƙon tsohuwar ta hau dutsen ko sau ɗaya ta ga inda take aiki, amsar ba ta canzawa: "Ina hango shi daga taga, ya ishe ni."

Kowace shekara, ranar da mahaifinsu ya rasu, a ƙaramin ɗakin ibadar unguwa suke zuba masa ruwa. Malamin ibada yana karatu, mutum ɗaya yana tsiyaya ruwa daga 'yar butar tagulla zuwa kwano, a hankali, ba yankewa, sauran dangi suna dafe da gwiwar hannunsa don ladan ya isa ga mamacin. Tun rasuwar tsohon, Chaluai ce ke riƙe butar. Da take ba ni wannan labari, ta ce mini a gidansu abin da take da shi ke nan.

Bana sai ƙanwarta Wilai ta zo hutu daga Ostireliya, inda take aure. Da safe Chaluai tana bakin aiki motar haya ta tsaya, Wilai ta fito da gajeren wando da tabarau, ga tsohuwa a bayanta cikin farar riga, tana dogara sanda.

"Pi Luai!" Wilai ta ƙwalla wa yayarta kira. "Ashe gaskiya ne, ke ce sarkin ƙofa!"

"Rufe cinyar nan tukuna, Baturiya," in ji Chaluai. Ta tona kwando ta zaro zanen da ya fi kowanne koɗewa, ta ɗaure mata shi tam. Sannan ta juya ga uwar. "Mae, gwiwar ta warke ke nan?"

"Yarinya ta zo daga nesa tana son gani. In bar ta ta hau ita kaɗai?"

Suka hau. Wilai tana ɗaukar hoto, tana mamakin farin dutsen da aka lulluɓe mutum-mutumin da shi, tana cewa daga nan har teku ana gani. Chaluai tana tallabe da tsohuwa a kan matakala. Da suka isa gaban malamin ibadar da ke saman dutsen, tsohuwar ta ce tun da an taru, a zuba wa Baba ruwansa a nan. Aka kawo butar. Chaluai ta miƙa hannu, kamar yadda ta saba. Tsohuwa ta karɓa ta ɗora a tafin Wilai.

"Bari ita ma ta yi. Ta daɗe ba ta yi wa ubanta komai ba."

Chaluai ta janye hannunta. Amma ba ta dafa ƙanwar ba. Gwiwar hannun uwar ta dafa, da yatsa ɗaya.

Malami ya fara karatu. Wilai ta karkata butar, ruwan ya zubo gaba ɗaya, ya fantsama har kan tabarma. Karatu bai yi nisa ba buta ta ƙare. Ta tsaya riƙe da ita a wofi har malamin ya kai ƙarshe.

Chaluai ba ta ɓoye mini ba, ta ce a lokacin sanyi ta ji a ranta. Ta jira tsohuwa ta yi faɗa, don ita ko ɗigo ɗaya ya yanke mata sai ta sha magana har gida. Sai ta ji uwar tana dariya, har da share ƙwalla.

"Gaggawar ubanku ce sak! Yau kam ruwa ya isa gare shi da wuri." Ta tura wa Chaluai kwanon. "Luai, je ki juye a gindin bishiya."

Ta je ta juye. Da ta dawo sun riga sun tsaya hoto, kan Wilai a kafaɗar tsohuwa.

Wilai ta koma Ostireliya makon jiya. Shekaranjiya Chaluai ta ce wa uwar su sake hawa, a zuba ruwan yadda ya kamata. Tsohuwa ta ce gwiwa ta tashi. Jiya kafin motocin baƙi su fara zuwa, Chaluai ta hau ita kaɗai, ta durƙusa gaban malamin, ta tsiyaya ruwan siriri kamar zare har ƙarshen karatu, ba mai dafe da ita. Da yamma ta faɗa wa uwar.

"Kin kyauta," in ji tsohuwa. "Wilai ta kira kuwa?"

Chaluai ta latsa lambar, ta sa mata wayar a kunne, ta shiga kicin ta ɗora shinkafa.