Garken Abbo a Cikin Talabijin

Abbo Bafillace ne daga gefen Kumagannam. Farin 1984 ya cinye masa garke kaf, don ya ƙi sayar da ko maraƙi har suka zube a gabansa. Ya gangaro Nguru daga shi sai sanda, Cosmas mai gyaran rediyo ya ɗauke shi gadin shago. Ni tela ne, shagona na jikin nasu, don haka komai a idona aka yi.

Wajen 1988 Cosmas ya dawo daga Kano da wata kwamfuta da ake jonawa da talabijin. Akwai wasa a cikinta. Za a ba ka gari da mutane da shanu da rumbu, ka yanke abin da za a yi a shekarar, sannan na'urar ta yi nata, ta aiko fari ko mahara. Abbo ba ya jin Turanci. Cosmas ke karanta masa, shi kuwa yana ba da umarni kamar hakimi. Burinsa ɗaya, ya tsallakar da garin nan shekarar fari.

Ranar farko gari ya watse kafin la'asar. Kashegari ma haka. Tara shanu kawai yake yi, rumbu wayam, fari na zuwa shanu su mutu, mutane su bi su.

"Baba Abbo, ka sayar da shanu ka sayi gero mana," in ji Cosmas.

"Oga, ba a taɓa uwar garke."

"Wannan fa ba saniya ba ce, lamba ce!"

"Kai ne ka ga lamba."

Haushi yake ba ni, wallahi. Har suna na raɗa masa, Sarkin Kufai, amma ko a jikinsa. Ya gina ganuwa, mahara suka daina cin sa. Ya haƙa rijiyoyi, ya ƙara 'yan shekaru. Fari dai na nan yana jiran sa.

Ana haka Cosmas ya sayar da kwamfutar ga Rufus, wani ma'aikacin gwamnati a Gashua. Na ce to, mun huta. Ina! Ran Asabar Abbo ya hau mota ya bi ta, ni ma na bi shi, don gulma ba ta bar ni na zauna ba.

Rufus ya yi mamaki, amma ya kunna masa. Aka kai shekarar da damina ta yi kyau, shanu suka cika. Rufus ya ce, "Baba, me za a yi?"

Abbo ya daɗe yana kallon talabijin. Can ya ce, "Sayar da rabi. A cika rumbu."

Fari ya zo ya wuce. Rufus ya karanta, ya yi tafi: babu wanda ya mutu, sauran shanun ma suna nan. Na buɗe baki zan tsokani Abbo, sai na ga idonsa ya kawo ruwa, tausayinsa ya kama ni.

A hankali ya ce, "Ashe rabi kawai aka nema a wurina."