Wa Ke Kaɗe Ɗorawar Nan?

Ni karatuna bai wuce izu biyu ba, su ma da bulala suka shiga. Amma na taɓa tsayawa gaban babban alƙali, har aka rubuta maganata a takarda.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, wata tsohuwa maƙwabciyarmu a Kusasu, wadda kowa ke kira Iya, ta rasa gonarta a shari'a. Mijinta ne ya ba wani baƙo aron gonar, can bakin daji. Da mijin ya rasu, baƙo ya ce ai saye ya yi. Alƙalin farko ya ga baƙon ke nomanta shekara da shekaru, ya ba shi. Iya ta ɗaukaka ƙara, mu kuwa muna ta yi mata dariya.

Ran wata Laraba sai ga Landiroba. Babban alƙali ne da kansa. Ya tattare riga, ya ratsa kunyoyi har gindin ɗorawar da ke tsakiyar gonar, mu 'yan kallo muna biye da shi. Bai tambayi wa ke noma ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Wa ke kaɗe wannan?"

A wajenmu mai aro ƙasa kawai yake nomawa, 'ya'yan itace na mai gona ne. Ban taɓa zaton wanda ya sha boko haka ya san wannan ba.

Baƙo ya ce shi ne. Iya ta nuno ni da sandarta. "Ranka ya daɗe, tambayi wancan ɓarawon."

Ga ni da gemu, ga surukina a wurin.

Alƙali ya ce, "Malam, ka taɓa hawa itacen nan?"

"Allah gafarta Malam, sau ɗaya. Ko uku."

"Wa ya kore ka?"

"Iya, da wannan sandar."

"Shi manomin fa?"

"Yana ƙasa da fartanya, ya ce in sauko kafin mai ita ta zo."

Alƙali ya sa na maimaita, akawu ya rubuta. Baƙo ya sunkuyar da kai.

Ashe satar ɗorawa ma shaida ce, in ta gamu da mai kunne. Kafin shuka aka soke hukuncin farko, gona ta koma hannun Iya. Ta aiko min da daddawa ƙunshi guda, da saƙo: wai in ɗanɗani ta halal ko sau ɗaya.